Darasi na 14: Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Sarrafa kwamfuta daga nesa shi ne mutum ya zauna gaban na'urarsa, allon wata kwamfutar da ke wani wuri ya bayyana masa, ya riƙa juya linzaminta yana rubutu a cikinta kamar a gabanta yake. Mai shagon buga takardu a Fadikpe ta Minna da firintarsa ta ƙi aiki ba sai ya jira mai gyara ya hawo keke napep daga Tunga ko Bosso ba. Mai kantin magani da ke da reshe a Bida ko Kontagora yana iya duba cinikin yini daga Minna. Makarantar kuɗi da ke yi wa ɗalibanta rajistar NECO tana iya samun wanda zai warware mata matsala ana saura sa'o'i a rufe shafi. Amfanin abin a fili yake. Abin da ke neman bayani shi ne yadda mutane da yawa ke ɗora irin wannan manhaja, ta yi aiki yau gobe ta ƙi, su cire ta su sauko da wata, ita ma ta ƙi, daga nan su yanke hukuncin cewa ai abin ba na ƙasar nan ba ne. Hujjar wannan darasi ita ce yawancin laifin da ake ɗora wa manhajar yana kan hanyar da ke tsakanin kwamfutocin biyu ne, kuma babbar darajar buɗaɗɗiyar manhaja ita ce tana barin mutum ya ga wannan hanya mataki-mataki, ya kuma riƙe makullinta a hannunsa. Kasancewarta kyauta ƙari ne kawai.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka fito da rubutun da aka gina ta da shi a fili, suka ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rabawa bisa sharuɗɗan lasisi. Tarihin VNC, ɗaya daga cikin tsofaffin wannan fanni, ya isa ya nuna abin da hakan ke haifarwa. A wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle da ke Kambirij ta Ingila aka ƙera ta, aka sake ta ga jama'a a 1998 ƙarƙashin lasisin GPL. Kamfanin AT&T ya sayi ɗakin binciken a 1999, ya rufe shi a 2002. Da rufaffiyar manhaja ce, da wataƙila tare aka binne su. Amma da yake rubutun yana hannun jama'a, sai rassa suka yi ta fitowa, irin su TightVNC da UltraVNC da TigerVNC wadda ta zo a 2009, kuma har yau ana aiki da su. A ɗaya ɓangaren akwai RDP, tsarin Microsoft, wanda masu buɗaɗɗiyar manhaja suka rubuta wa nasu kayan aikin: xrdp ga kwamfutar Linux da za a shiga, FreeRDP da Remmina ga wadda za a shiga da ita. A kula, Windows ɗin da ake kira Home, wadda ke zuwa a kan laftof ɗin tokunbo da yawa, tana iya shiga wata kwamfutar ta RDP amma ba a iya shigarta ta nan, mutum sai ya kwana yana neman maɓallin da babu shi. Ta baya-bayan nan ita ce RustDesk mai lasisin AGPL, wadda ke aiki a Windows da Linux da Mac da Android, kuma a kanta darasin zai fi tsayawa.

Dukkansu abu ɗaya suke yi: kwamfutar da ake sarrafawa tana aika hoton allonta, mai sarrafawa yana aika motsin linzami da abin da ya danna. Allon laftof mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan ɗaya, in kowane ɗigo ya ci bayit 3, hoto guda ya haura megabayit 3 kafin a matse shi. Layin waya ba zai iya ɗaukar irin wannan sau 20 a daƙiƙa ɗaya ba, shi ya sa manhajar ke matse hoton ta aika wurin da ya canza kaɗai. Nauyin kuma yana kan ƙarfin aikawa na kwamfutar da ake sarrafawa, alhali layukan waya sun fi saurin saukarwa. Mai shago zai rantse sabis ɗinsa lafiya lau tunda yana kallon YouTube babu tsayawa, amma ba wannan ɓangaren ake buƙata ba.

Me ya sa take aiki a cikin shago ta ƙi daga gida

Kowace na'ura da ke kan rauta ɗaya tana da adireshin IP na cikin gida, yawanci mai farawa da 192.168, kuma kowace manhaja tana jira a wata ƙofa mai lamba: VNC a 5900, RDP a 3389. A cikin shago, mutum ya rubuta adireshin ɗaya kwamfutar ya saka kalmar sirri, shi ke nan. Da ya koma gida ya rubuta wannan adireshin sai shiru, domin adireshi ne da dubban rautoci a Minna ke maimaitawa, ba shi da ma'ana a wajen bangon shagon. Yawancin bayanan da aka rubuta a ƙasashen waje za su ce a buɗe ƙofar a rauta a yi amfani da adireshin waje. Shawarar ta ginu ne a kan zaton cewa rautar tana da adireshin waje nata ita kaɗai, kuma a nan da wuya hakan ya kasance. Adireshin IPv4 na duniya baki ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, bai kai yawan mutanen duniya ba, don haka kamfanonin waya irin su MTN da Airtel da Glo suna tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Starlink ma, da ta shigo Najeriya a Janairun 2023, haka take yi a tsarinta na yau da kullum. Lamarin ya yi kama da gidan haya mai ɗakuna ashirin da lamba ɗaya a bakin get: wanda ke ciki yana iya fita aike ya dawo da amsa, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, kuma ɗan haya ba shi da ikon canza tsarin gidan. Gwajin yana da sauƙi. A buɗe shafin saitin rautar ko Mifi a duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan a buɗe ɗaya daga shafukan intanet masu nuna wa mutum adireshinsa. In lambobin biyu sun bambanta, ko ta rautar ta fara da 10 ko ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to duk ƙofar da za a buɗe a rautar ɓata lokaci ne.

Rufaffun manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk, da ita RustDesk, sun kauce wa wannan tarko ta hanya ɗaya. Maimakon wata kwamfutar ta jira a ƙwanƙwasa mata, duka biyun ne ke fita su kira wata kwamfuta ta uku mai adireshin waje, wato saba, tunda CGNAT ba ya hana fita. Sabar tana riƙe da lambar shaidar kowace na'ura da inda take a halin yanzu. Idan aka nemi haɗi sai ta gwada haɗa su kai tsaye, in ya ƙi sai duk hoton allo da duk abin da aka danna su riƙa bi ta cikin saba mai miƙawa. A nan ne tambayar da ta fi kowace muhimmanci take: sabar ta wa ce? A TeamViewer da AnyDesk, a tsarin da talaka ke samu, ta kamfanin ce. RustDesk ma da sabobin jama'a na masu ita take zuwa, sai dai tana ba mutum damar kafa tasa ya juya na'urorinsa su koma kanta.

Kafawa

Idan duk kwamfutocin a gini ɗaya suke, kamar kafe ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ba a buƙatar saba ko data. A ɗora UltraVNC ko TightVNC a kan waɗanda za a sarrafa, a ba su izini a katangar tsaron Windows, a kuma sa rautar ta riƙa ba kowacce adireshi ɗaya kullum, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita lambobin na iya cakuɗewa. Malamin da ke son ganin allunan ɗalibai duka a lokaci ɗaya yana da Veyon, wadda don aji aka yi ta kuma a kan VNC aka gina ta. Amma VNC ta asali tana da rauni biyu da bai kamata a ɓoye ba: haruffa 8 na farko kaɗai take dubawa a kalmar sirri, kuma ba ta lulluɓe abin da take aikawa. Saboda haka ko mutum ya yi sa'ar samun adireshin waje, kada ya bar ƙofar 5900 ko 3389 a buɗe ga duniya. Akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne laluben waɗannan ƙofofi, kuma ramin BlueKeep da Microsoft ta toshe a Mayun 2019 yana barin a shiga tsofaffin Windows ta RDP ba tare da kalmar sirri ba. Wanda dole sai ya yi amfani da su daga nesa, ya bi da su ta cikin SSH ko WireGuard.

RustDesk kuwa daga shafin masu ita ko shafinsu na GitHub ake saukar da ita, kada a karɓa a filashin wani ko ta WhatsApp. A Windows tana iya buɗewa ba tare da an girka ta ba, kuma nan mutane ke yaudarar kansu: in ba a girka ta ba, ba za ta tashi da kanta bayan an kunna kwamfuta ba, kuma da zarar Windows ta fito da akwatin neman izinin mai gida sai mai gyara ya ga linzaminsa ya daina aiki. A kan kwamfutar da za a riƙa shiga kullum, a girka ta sosai. Allon farko yana nuna lambar shaida da kalmar sirri ta wucin gadi. Ga taimako na sau ɗaya wannan ta isa, har ma ta fi, domin mai kwamfutar yana zaune yana kallo kuma yana iya katsewa. Kalmar sirri ta dindindin ta injin da babu kowa a gabansa ce, ta zama doguwa wadda ba a amfani da ita a ko'ina. A sashen tsaro ana iya kashe tura fayil da sauti da kwafe rubutu, kuma duk abin da aikin ba ya buƙata gara a kashe shi.

Sabar kanta ƙananan manhajoji biyu ne, hbbs mai rajistar lambobi da haɗa na'urori, da hbbr mai miƙa bayanai idan haɗin kai tsaye ya gagara. Ba su da nauyi, mafi ƙanƙantar sabar haya mai Linux ta ishe su, muddin tana da adireshin waje da ba ya canzawa. Wannan sharaɗi shi ya hana a ajiye ta a shago a kan Mifi, domin ita ma za ta faɗa bayan CGNAT. Ƙofofin da za a buɗe su ne 21115 zuwa 21117 ta TCP, da 21116 ta UDP kuma, sai 21118 da 21119 ga mai son shiga ta burauza. Ana yawan mantawa cewa katangar na iya zama biyu, ɗaya a cikin Linux ɗaya a shafin kamfanin da ya ba da hayar. Da hbbs ta tashi karon farko za ta ƙirƙiri fayil biyu, id_ed25519 da id_ed25519.pub. Abin da ke cikin na biyun shi ake kwafewa a saka a gurbin makulli na kowace na'ura, tare da adireshin sabar, a sashen saitin hanyar sadarwa. Na farkon sirri ne, a ajiye kwafinsa a wuri mai aminci, domin in sabar ta mutu aka kafa sabuwa ba tare da shi ba, sai an bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya an canza musu makulli, har da wadda ke Kontagora.

Idan ta ƙi

Tunda an san hanyar, neman matsala ya zama bin ta daga tushe, kuma tushen a nan wuta ne. Jihar Neja ce ke da tashoshin wutar Kainji da Shiroro da Zungeru, amma kwamfutar da ke Fadikpe ba ta san da wannan alfahari ba, da an ɗauke wuta ta mutu, kuma in an kawo ba za ta kunna kanta ba sai an umarce ta. Umarnin yana cikin BIOS, inda ake shiga da danna F2 a Dell ko F10 a HP lokacin kunnawa. A Dell sunansa “AC Recovery”, a HP “After Power Loss”, a mayar da shi kan kunnawa. Wannan na buƙatar UPS ko sitabilaiza, saboda wutar da ke dawowa ba kullum take zuwa da hankali ba. Akwai kuma ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, a jikin babban faifan da ke cikin injin. Tsofaffin kwamfutocin tebur sukan zo da shi a mace, kuma in ya mutu wannan saitin na iya gogewa duk sanda aka yanke wuta, agogo ma ya koma shekarun baya, shafukan intanet su fara ƙin buɗewa. Batir ɗin ba shi da tsada, amma yana iya cinye wa mutum mako guda yana zargin manhaja. A hana kwamfutar yin barci, a hana laftof mutuwa idan an rufe murfinsa, a kuma tabbata rautar ma tana kan inbata, don kwamfuta mai rai a bayan matacciyar rauta daidai take da wadda ke a kashe.

Mataki na gaba shi ne karanta abin da manhajar ta faɗa, wanda mutane ke rufewa da sauri ba su duba ba. A ƙasan allon RustDesk akwai ɗan ɗigo da rubutu. In kore ne da “Ready”, na'urar ta isa sabar. In ya ce “Not ready”, ba ta isa ba: ko data ta ƙare, ko an yi kuskuren adireshi, ko ƙofar 21116 ta UDP a rufe take, kuma idan duk na'urorin ne suka faɗi haka a lokaci ɗaya, sabar ce ta faɗi ko kuɗin hayarta ya ƙare. “ID does not exist” na nufin sabar da aka tambaya ba ta san lambar ba, kuma sau da yawa dalilin shi ne ɗaya na'urar tana kan sabar jama'a ɗaya tana kan ta gida. “Remote desktop is offline” na nufin sabar ta san lambar amma ta daina jin motsinta, wato a koma kan wuta da data na wancan ɓangaren. “Key mismatch” makulli ne, yawanci harafi ɗaya ya faɗi wajen kwafewa, musamman alamar daidai da ke ƙarshensa. Idan kuma haɗin yana yi a cikin shago ko tsakanin wasu layuka amma ya ƙi tsakanin wasu, hbbr ce ba ta tashi ba ko ƙofar 21117 ce a toshe. Kowane saƙo yana nuna wuri guda, kuma mai sabarsa yana iya buɗe rajistar hbbs ya ga ko kiran ya iso.

Wani lokaci haɗin zai yi amma a ga baƙin allo, ko a ga hoto linzami ya ƙi motsi. Wannan maganar izini ce. Mac sai an ba manhajar izinin ɗaukar allo da na sarrafa na'ura a saitin sirri. Android ma izini biyu ne, na nuna allo da na taɓawa. A Linux, Ubuntu ta koma tsarin allo na Wayland tun 2021, kuma manhajojin nesa da yawa sun fi zama lafiya da tsohon tsarin Xorg, wanda a fitowar 22.04 da 24.04 ake iya zaɓa a allon shiga. Mai amfani da xrdp da ya ga baƙin allo ya fara duba ko asusun da yake son shiga a buɗe yake a kan injin kansa. Kwamfutar tebur da aka cire wa allo ma takan aiko da baƙi, sai a soka mata ɗan abin HDMI da ke sa ta zaci akwai allo. Masu buga Hausa suna da tasu matsalar: a danna ƙ ko ɗ ko ɓ, wani abu dabam ya fito a can, saboda tsarin madannan injinan biyu ba ɗaya ba ne. RustDesk na da zaɓin aika harafin kansa maimakon gurbin maɓallin, a gwada shi, ko a saka tsarin Hausa a duka biyun.

Jinkiri shi ne na ƙarshe. A rage ingancin hoto, a cire hoton bango, a rufe bidiyo, a rage ɗigon allo. Haɗin da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana cinye megabayit 450 a sa'a ɗaya a kowane ɓangare, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan lissafi ne da mai shago zai ji a aljihunsa.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce duk wannan wahala ce, AnyDesk minti biyu ne. Gaskiya ne, kuma ga wanda zai taimaki mahaifinsa sau ɗaya a shekara babu dalilin kafa saba. Amma kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce, mai gyaran da ke karɓar kuɗi ko shagon da ke duba reshensa sharuɗɗansu na buƙatar su sayi lasisi, kuma TeamViewer takan katse haɗi in ta yi zargin kasuwanci ake yi. Da kuɗin waje ake lissafin lasisin. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Abin da ke biyo baya sananne ne: a nemo wadda aka fasa, wato a ɗora manhajar da wani wanda ba a sani ba ya taɓa cikinta, kuma manhajar da aikinta shi ne buɗe kwamfuta ga na waje. A ganina babu cinikin da ya fi wannan muni a duk harkar.

Suka ta biyu ta fi nauyi: in kowa na ganin rubutun, ai ɓarawo ma na gani. Haka ne, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da tsarki. A 2019 masu binciken Kaspersky sun gano ramuka 37 a nau'o'in VNC huɗu. A Maris 2024 an gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa da gangan a manhajar xz ta Linux. Sai dai wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano ta bayan ya lura da ɗan jinkiri, ya bi rubutun har ya kai gindin abin, kafin ta bazu a manyan fitowar Linux. Rufewa kuma ba ta kare kowa ba: AnyDesk ta sanar a Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin injinanta har ta soke takardun shaidarta da kalmomin sirrin shafinta, TeamViewer ta sanar da kutse a tsarin ofishinta a Yunin 2024, ko da yake ta ce bai taɓa manhajar masu amfani ba. Abin da hujjojin ke nunawa shi ne ramuka na ko'ina, kuma abin da ke raba gardama shi ne a toshe su da wuri, mai amfani kuma ya sabunta. Sabuntawar ta haɗa da Windows kanta: Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025, kuma manhaja mai kyau a kan tsarin da ba a gyarawa ba za ta cece shi ba.

Suka ta uku ita ce wadda na fi ba gaskiya. Saba nauyi ce: kuɗin haya kowane wata, sabuntawa, da wanda za a kira in ta faɗi da dare, babu kamfanin da zai ɗauki waya. Sabar RustDesk ta kyauta ma ba ta da shafin gudanarwa irin na Pro, wadda ake saya. Ga shago mai kwamfuta biyu, nauyin na iya fin amfanin. Amma saba ɗaya tana ɗaukar na'urori masu yawa, mai gyara ɗaya na iya ɗora duk abokan cinikinsa a kai, ko 'yan shaguna su haɗa kuɗi, kuma Minna da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983 ba ta rasa matasan da suka iya Linux ba. Akwai kuma ribar zaɓen wuri. In sabar miƙawa tana Turai, hoton da zai tashi daga Fadikpe zuwa Tunga sai ya gangara Legas ya tsallaka teku ya dawo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da ACE da SAT-3 sun lalace, intanet ɗin Afirka ta Yamma ta yi rauni ƙwarai. Sabar da ke cikin ƙasa, a kamfanin da ke haɗe da mahaɗar IXPN, tana gajarta hanya kuma ba ta dogara kacokan ga teku ba. A tambayi mai ba da haya inda injin yake a zahiri, don karɓar naira ba ya nufin injin yana Najeriya.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ba ta bar buɗaɗɗiya ko rufaffiya ba. Salon ɗaya ne: a kira mutum a ce daga banki ne ko kamfanin ba da rance, a sa shi ya sauke manhaja ya karanto lambar da ya gani, daga nan mai kiran yana ganin duk OTP da PIN da ke fitowa a allon. Babu bankin da ke neman haka. Sabar gida tana rage hatsarin a wurin aiki, tunda na'urar da aka juya kanta ba a samunta ta sabar jama'a, amma ba ta hana yaron shago sauke wata manhajar a wayarsa, wannan sai koyarwa. Shi ma mai gyaran doka na kansa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Kwamfutar kafe cike take da lambobin NIN da hotunan fasfo da sakamakon jarrabawa na mutanen da ba su san an buɗe ƙofa ba. Izinin da aka bayar don gyaran firinta bai haɗa da buɗe folda ba.

Riƙe makulli yana da ma'ana ne kawai in mai shagon ne ke riƙe da shi. Asusun hayar sabar ya kasance da sunansa da lambar wayarsa, kalmomin sirri da kwafin makulli a littafin da yake ajiyewa. Ranar da aka rabu da mai gyara ko yaron shago ya bar aiki, a canza kalmar sirri ta dindindin a kowace na'ura kafin dare. In kuma ya taɓa shiga sabar kanta, a canza kalmar shigarta, a ƙirƙiri sabon makulli, a bi na'urorin duka.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowane rukuni da kwamfuta ɗaya da waya ɗaya a kan layuka daban, su haɗa su ta RustDesk a kan sabar da malami ya tanada. Bayan haɗin ya yi, ɗaya ya fita waje, ɗayan ya ɓata abu guda: ya kashe data, ko ya goge harafi ɗaya a makulli, ko ya mayar da na'ura ɗaya kan sabar jama'a, ko ya janye izinin taɓawa a wayar. Wanda ya fita ya dawo ya rubuta saƙon da ya gani a allo harafi da harafi, ya faɗi wurin da yake zargi da dalilinsa kafin ya taɓa komai, sannan ya gyara. Ba a yarda a cire manhajar a sake ɗora ta ba.